Sabon Malamin Zane Da Ajin Da Ba Albashi

A Saudiyya, ɗalibin babbar sakandare ba ya kammala karatu sai ya cika awa 40 na aikin sa-kai. Wannan reshe ne na shirin Burin 2030 da aka ƙaddamar a 2016, wanda ya ƙudurta kai yawan 'yan sa-kai daga dubu 11 zuwa miliyan ɗaya a shekara. A 2020 gwamnati ta buɗe dandali a intanet, inda makarantu da ƙungiyoyin agaji ke sanar da buƙatarsu. Don haka matashin da ke zaune a Al-Shifa, unguwar da ke kudancin Riyad, wanda ya karanta koyar da zane yake jiran aiki, yana iya neman inda ake son hannunsa, a lissafa masa awoyinsa, a ba shi takardar shaida.

Me zai samu a ajin da ba albashi? Abin da kwaleji ba ta bayarwa. Wanda ya iya zane daban, wanda ya iya sa yara arba'in su yi zane daban. Darasin minti arba'in, kusan rabinsa rabon takarda da fensir da wanke burushi ne ke cinye shi, sai malami ya koyi shirya kaya kafin a kaɗa ƙararrawa. Zai gano cewa in ya zana misali mai kyau a allo, ajin duka kwaikwayonsa zai yi, a tashi da zane iri ɗaya guda arba'in. Zai haɗu da yaron da ke rufe takardarsa da hannu yana cewa bai iya ba, ya kuma koyi haƙurin da ke hana shi karɓe fensirin ya gyara masa. Wannan na ƙarshe ya fi wuya, domin hannun mai zane ƙaiƙayi yake yi idan ya ga layi ya karkace.

Koyar da zanen zamani a makarantun Nijeriya ma da naci irin wannan ya faro. Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, da kansa ya koyi zane, ya riƙa bin makarantun Legas yana koyar da yara tun hukuma ba ta ɗauki darasin da muhimmanci ba. A 1920 ya tafi Landan da Paris karatu, ya dawo a 1922 da takardar shaida, ya matsa wa gwamnatin Turawa har ta kawo wani malamin zane, Kenneth Murray, a 1927. Bayan shekara talatin da ɗaya, ɗaliban kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna cewa a haɗa dabarar da aka koyo da fasahar gida.

Wannan ra'ayi nasu shi ne mafitar sabon malami a Kano ko Katsina. Iyaye da yawa, a nan da Riyad duka, suna ɗar-ɗar da zanen abu mai rai saboda addini, kuma jayayya da su ɓata lokaci ne. Ga zayyanar allo, ga dagi da zanen bangon gidajen Zariya, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga sassaƙar ƙwarya, ga rinin Ƙofar Mata. Duk ma'aunin layi da daidaita launi da ake son yaro ya sani suna ciki. Kayan aiki kuwa, in fenti ya yi tsada, akwai gawayi da yumɓu da tsohon kwali da ruwan zoɓorodo.

Inda aka bar mu a baya, in an kwatanta da Saudiyya, shi ne rubutawa. Matashi zai shekara yana koyarwa kyauta a makarantar unguwa, ya tafi ba ko wasiƙa. Wasu masu makarantun kuɗi ma sun mayar da 'yan sa-kai hanyar gudun biyan albashi, alhali suna karɓar kuɗin zango daga iyaye. Wannan cuta ce, ko da wane suna aka kira ta. Tun ranar farko a yanke wa'adi da shugaban makaranta, zango ɗaya ko biyu, kwana nawa a mako, wa zai sayi kayan aiki. Malami ya ajiye tsarin darussansa, ya ɗauki hoton aikin yara na makon farko da na ƙarshe, ba fuskokinsu ba sai da izinin iyaye. Ya roƙi wani tsohon malami ya riƙa zama a bayan aji lokaci-lokaci yana gaya masa gaskiya. Ranar sallama kuma ya karɓi wasiƙa mai hatimi da ta faɗi ajin da ya koyar da tsawon lokacin da ya yi.