Tattara Tunani da Jeranta Shi Kafin Rubutu: Abin Lura daga Ƙasar Arewa

Tun farkon shekarun 1960 da aka soma yaƙi da jahilci a Nijar, galibin ƙoƙarin masana harshe ya tafi ne wajen baƙaƙe: wane harafi zai tsaya wa wane sauti, ina za a raba kalma, ko a ninka dogon wasali ko a bar shi guda. Taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980 wanda ya nemi daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, da ƙa'idojin rubutu na 1999, duk a kan wannan suka tsaya. Aiki ne da ya wajaba. Amma baligin da ya gama zangon karatu, ya iya haɗa baƙi da wasali, sau da yawa in an miƙa masa farar takarda aka ce ya rubuta rahoton ƙungiyarsu, sai ya yi layi uku ya tsaya. Mutumin nan kuwa shi ne wanda zai yi rabin sa'a yana bayani a fada ba tare da zaren magana ya kuɓuce masa ba. Wanda ya daina rubutu kuma, ba a daɗewa karatun ma yake gudu. Tun watan Maris na 2025 da aka ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, bukatar masu iya tsara takarda da ita ta ƙaru, ba masu iya kwafe ta kawai ba.

Bayanin da ke biye ya dogara ne ga ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jahar Doso, inda Arawa suke zaune a kwarin Dallol Mawri. Abin da yake son nunawa shi ne, Ba'are mai koyon rubutu bai rasa abin faɗi ba, bai kuma rasa hanyar jera shi ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa cewa hanyoyin da yake bi da baki suna aiki a takarda.

Aiki biyu ne, ba ɗaya ba

Tun zamanin Rumawa masu koyar da balaga sun raba samo abin faɗi da jera abin faɗi. A 1980 masu bincike biyu na Amurka, Hayes da Flower, da suka saurari marubuta suna faɗin tunaninsu a fili yayin da suke rubutu, sun sake tarar da wannan rabo a cikin shirin marubuci. Lakkol ta gaji rabi na biyu kawai, shi ma a daskare: abin da ake kira plan da Faransanci, wato gabatarwa, gundarin magana, kammalawa, a manyan azuzuwa kuma ra'ayi, kishiyarsa, da sulhunta su. Malamin karatun manya da ya fito daga wannan horo yakan zana gidajen nan uku a allo, ya ce a cika. Manomi ya dubi gidan farko, bai san abin da ake nufi da gabatar da zancen da bai riga ya tattara ba, sai ya zuba gaisuwa a ciki.

Tattarawa ita ce ta farko, kuma da baki ake fara ta. Dabarar da Alex Osborn ya yaɗa a littafinsa na 1953 ita ce a tara mutane, kowa ya jefo abin da ya zo masa, a jinkirta tacewa sai daga baya. Jinkirta tacewa shawara ce mai kyau. Sauran kuwa ba ya tafiya yadda yake a ƙauye, domin yaro ba ya riga dattijo magana, mace kuma takan kame bakinta gaban surukinta. In an buɗe fili ga kowa, ra'ayin mutum biyu ko uku ake kwasowa a ce na taro ne. Abin da ya fi shi ne a kasa mutane ƙungiya-ƙungiya ta tsara ɗaya, mata daban, kowace da marubucinta.

Marubucin ƙungiya ba a kaye zai rubuta ba. Ƴan guntayen takardu zai riƙe, kowace magana da takardarta, kamar yadda mai binciken harshe yake yi wa kalmomi. Abin da aka rubuta a kaye ya riga ya sami mazauni, hannu ba ya son ta da shi. Guntuwar takarda kuwa ana matsar da ita a kan tabarma. Sharaɗi guda ne: kowace takarda ta ɗauki jimla mai aikatau. Takardar da aka rubuta wa “taki” ba ta ce komai ba. Wadda aka rubuta wa “taki ya iso bayan an gama maimai” ta riga ta zama hujja. A nan dabarar ta rabu da ta Paulo Freire, wanda a Angikos ta Brazil a 1963 ya gina darasi a kan kalmomi ɗaiɗai da aka tsamo daga bakin jama'a: kalma guda ta isa buɗe muhawara da koyar da gaɓoɓi, amma ba ta isa zama tubalin rahoto ba. In magana ta ƙafe, sai a bi ta da tambayoyin nan da kowa ya sani, wa, me, ina, yaushe, ƙaƙa, don me. Ta ƙarshen ita ce mai rowa. Sai an maimaita ta sau biyu ko uku kafin a wuce amsar ladabi a kai ga dalili.

Turakun da zance yake ɗaure a kansu

Da takardu sun taru, sai tambaya ta taso: wace za ta riga wace? Tarihin baka na Arewa, wanda Marc-Henri Piault ya tattara ya buga a 1970 da sunan Histoire Mawri, yana da amfani a nan, domin ƙasa ɗaya ce amma ana ba da labarinta ta hanya biyu. Gubawa, masu ƙasa, labarinsu yana bin wurare: fitowar Sarauniya daga Daura, tafiya da dutsen Tunguma, zama a Lugu, sa'an nan Bagaji inda Baura yake. Gidan sarauta kuwa labarinsa yana bin mutane: Ari da ake cewa ɗan sarkin Borno ne, ɗansa Akazama, sa'an nan wane ya gaji wane, har rassan da suka zauna a Matankari da sauran garuruwa. A Tibiri ma zancen yakan rataya ne a kan masu riƙe da sarautar Samna, musamman Samna Karhe na ƙarni na 19. Mai ba da labarin farko in ya manta, sai ya tambayi kansa, daga nan ina aka nufa? Na biyu kuwa ya ce, bayan wane sai wa? Kowannensu yana da turken da yake ɗaure zance, shi ya sa bai bukatar takarda.

Yaƙin Lugu na watan Afrilu 1899 ya nuna yadda zaɓen turke yake sauya abin da ake gani. Rubuce-rubucen hafsoshin ayarin Voulet da Chanoine sun bi kwanakin tafiya, saboda haka Lugu zango ɗaya ce cikin zanguna. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980, wanda Med Hondo ya mai da fim a 1986, ya ɗaure komai a jikin mace guda, Sarauniya Mangu. A Lugu kuwa Sarauniya sarauta ce da mata da yawa suka riƙe bi da bi. Aukuwa ɗaya, jeri uku, kuma kowane jeri ya fito da wani abu ya binne wani. Wannan shi ne darasin da ya kamata mai koyo ya fara ji, kafin a ambata masa gabatarwa da kammalawa.

Ban da hanya da gadon sarauta, kowane manomi yana ɗauke da shekarar noma a kansa, daga sassabe da shuka zuwa noman fari, maimai, girbi da ɗaurin dami, sa'an nan lambu da rani. Takardar bayani a kan wake ko dankali ba ta bukatar wani jeri da ya wuce wannan. Tsarin Reflect, da aka gwada a Uganda, Bangaladash da El Salbado a tsakiyar shekarun 1990, ya gane haka, inda mahalarta suke zana taswirar gari da kalandar shekara a ƙasa da tsakuwa da kara kafin a taɓa alƙalami.

Turken da ya fi daraja ga mai tsara darasi, wanda kuma aka fi yin sakaci da shi, shi ne na kai ƙara. Mai ƙarar gona gaban sarki ba ya farawa daga kakan kakansa. Yakan faɗi abin da ya kawo shi, sa'an nan asalin gonar, sa'an nan iyakarta da itatuwan da ke nuna ta, sa'an nan shaidu, ya rufe da abin da yake roƙo. In ya yi nisa da zagaye, fadawa za su mai da shi kan hanya. Wannan jeri ba na lokaci ba ne, na hujja ne: magana ta riga, dalilai su biyo. Shi ne jerin rahoto da na wasiƙar neman taimako, shi ne kuma ake bukata tun da dokar karkara ta 1993 ta buɗe hanyar rubuta saye, aro da jinginar gona a gaban kwamitocin ƙasa.

Abin da nahawu yake yi a ɓoye

Akwai dalilin nahawu da ke sa sabon marubuci ya faɗa cikin labari ko da rahoto aka nema. Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu: na ɗaya (sun tafi, an sayar) da na biyu (suka tafi, aka sayar), wanda a Arewanci, kamar sauran kare-karen yamma, yake fitowa da siffar sunka, munka, anka. Na biyun shi ne na jera aukuwa. Da zarar jimlar farko ta fito da shi, ta biyu tana jawo shi, ta uku ma haka, marubuci ya shiga sarƙa. Kowace gaɓa ta sarƙar cewa kawai take “bayan wancan sai wannan”; ba ta faɗin wanne ya haddasa wanne. A baki, murya da fuska suna cike giɓin. A takarda babu su.

Ga misalin irin abin da magatakardan rumbun tsimi zai iya rubutawa: “Munka sayi hatsi da kaka, munka zuba ga rumbu, da bazara anka buɗe, mutane sunka ɗauki bashi, ruwa sunka ɗauke, ba a biya ba.” Babu kuskure ko ɗaya a jimlar. Amma jami'in da ya karanta ta bai san abin da ake so da shi ba, bai kuma san ko laifin na ruwa ne ko na yadda aka ba da bashin. In an mai da maganganun nan shida kan guntayen takardu, aka ce wa magatakarda ya ɗauka gaban sarki yake, da kansa zai jawo ta ƙarshe ya sa ta a gaba: “Rumbunmu ba shi da hatsi bana, domin ba a biya bashin bara ba.” Lokacin aikatau ya sauya, mahaɗin dalili ya shigo, kuma nan take za a ga akwai takardar da ta ɓace, wato ta abin da ake roƙo.

Daga nan ake samun gwaji mai sauƙi. A ɗauki takardu biyu maƙwabta a musanya mazauninsu. In ma'ana ta rushe, lokaci ne ya ɗaure su, sai a bar su a sarƙa. In ba ta rushe ba, to babu abin da ya jera su sai yadda suka faɗo daga baki, dole marubuci ya zaɓa musu turke, ya kuma nemo kalmar da za ta zauna tsakaninsu: domin, shi ya sa, ko da yake, sai dai, in ba haka ba. Takardu biyun da aka rasa kalmar da za ta haɗa su, galibi ba tuli ɗaya suke ba.

Tulin takardu kuwa shi ne sakin layi, kuma harshen yana da alamarsa tun asali. Bahaushe yakan ciro abin da zai yi magana a kai ya aje shi a goshin jimla, ya bi shi da ɗaya daga ƴan kalmomin nan, kam, dai, kuwa, fa, ma, kuma: “Gero kam ya yi, wake kuwa tsutsa ta ci shi, bashin dai yana nan.” Kowane suna da aka ciro kan tuli ne. Abin takaici, masu gyaran ƙananan littattafai sukan share waɗannan kalmomi, suna ɗaukar su cikon baki, ga alama don ba su da takwara ɗaya tak a Faransanci. Da aka share su sai a koma neman “da farko, na biyu, daga ƙarshe”, rubutun ya fito da ƙamshin fassara ko da ba fassara ba ne.

Ga masu tsara darasi

Littafin jagoran malami ya kamata ya ware zama guda cur na tattarawa da jerantawa, wanda ba a duba ƙa'idar rubutu a cikinsa sam. A guntayen takardu a bar mutum da Arewancinsa, ya rubuta sunka da hwara yadda yake faɗi; daidaitacciyar Hausa aikin rubutun ƙarshe ce. Malamin da ya ɗora jan biro a kan takardar tunani ya rufe bakin ajinsa na sauran ranar.

Rikoda da kaset da masu tattara adabin baka na cibiyar CELHTO ta Yamai suke yawo da su a da, yau wayar hannu ta ɗauke aikinsu, kuma saƙon murya ya zama wasiƙar ƴan ci-rani. Mai koyo zai iya faɗin zancensa a waya, ya saurara, ya tsayar a duk inda ya ji magana ɗaya ta cika, ya rubuta ta a takardarta. Ga mai bincike kuma, waɗannan muryoyi, in masu su sun yarda, tare da takardun da aka tsamo daga cikinsu da rubutun ƙarshe, su ne kayan da za a auna da su ko wace kalmar haɗi ce take tsira daga baki zuwa takarda a Matankari, Gesheme ko Kore Mairuwa, wace ce kuma take zubewa a hanya.