Malam buɗe littafi, ɗan bida mai ƙetare Sahara

Da zarar damana ta ja baya aka shiga yankan hatsi, sai malam buɗe littafi ya yawaita a gonaki da fadamun Adar, tun daga Tawa da Keita har bakin tabkin Tabalak. Yara na bin sa da gudu, manya ba su kula shi. Amma cikin masu yawon nan akwai wani baƙo da ya fi kowane ɗan Adar nisan tafiya. Ya kamata manoma su san shi, don kada a gama shi da maɓarnata a kashe shi a banza.

Kamanninsa da danginsa

In ya buɗe fukafukai, faɗinsa santimita 5 ne zuwa 7. Launinsa kamar na jan goro ne, da zane-zanen baƙi. Bakin fukafukan gaba baƙi ne mai fararen ɗigo. Faransawa na ce masa "bel-dam", wato kyakkyawar mace. Masana sun sa shi cikin dangin da suke kira Vanessa, mai iri kimanin 20 a duniya.

Da yawa cikin dangin nan Turawa na yi musu laƙabi da "adimiral", wato babban hafsan sojan ruwa. Wanda aka fi sani shi ne jan adimiral: baƙi ne mai jan ratsi, ana samun sa a Turai, da arewacin Afirka, da Amurka ta Arewa. Indiya na da nata jan adimiral. Ostareliya na da mai ruwan ɗorawa. Akwai na duwatsun Habasha, akwai na ƙasar Niyu Zilan. Wasu irin tsibiri guda suka sani, kamar na tsibiran Hawai. Baƙon Adar kuwa kusan duniya duka gidansa ce.

Tafiyarsa

Sanyin Turai ba ya barin sa. Don haka in kaka ta yi, sai ya yo kudu. Ya ƙetare tekun Bahar Rum, ya ƙetare Sahara, ya sauka a ƙasashen Sahel wajen watan Satumba da Oktoba, lokacin da ciyawa ke da sauran ɗanye. A shekarar 2014 wasu masana biyu na ƙasar Sipaniya, Gerard Talavera da Roger Vila, sun bi sawunsa a Cadi, da Benin, da Senegal, da Habasha. Sun tarar da shi tuli, yana ƙwai, tsutsotsinsa na ci suna girma.

In ƙasa ta bushe, ƴaƴan da aka ƙyanƙyashe sai su gangara kudu inda ke da laima, kamar yadda samarin Adar ke ɗaura kaya bayan kaka su nufi Abijan ko Kano. Kafin bazara jikokinsu sun juya arewa, sun sake ƙetare hamada. Zuwa da komowa ya kai kilomita 12.000 zuwa 14.000. Ba ɗaya ne ke yin ta duka ba, don kwanansa makonni ne kawai. Uwa ta fara, ɗa ya karɓa, har zuriya shida ko fiye.

Wani bincike na shekarar 2021 ya nuna cewa in tsirrai sun yi kyau a kudancin Sahara, sai a gan shi da yawa a Turai daga baya. A 2009 miliyoyinsa suka shiga Ingila.

Shaidar sabara da kurna

A watan Oktoba na 2013 Talavera ya tsinci wasu daga cikinsu, a gajiye, fukafukansu a yage, a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Amurka ta Kudu, inda ba a saba ganin su ba. Aka yi shekaru goma ana bincike. A 2024 aka ba da sakamako: daga Afirka ta Yamma iska ta ɗauke su, suka yi aƙalla kilomita 4.200 bisa ruwa, cikin kwana 5 zuwa 8, ba sauka.

Yaya aka gane inda suka fito? Garin furen da ya manne a jikinsu ne ya faɗa. An samu na sabara da na kurna, itatuwan da ke fure a ƙarshen damana, waɗanda kowane yaro na Adar ya sani. Ke nan da ruwan furensu suka yi guzuri. Kome ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.

Abin da ya shafi manomi

Ba wannan baƙo ne ke lalata zangarniyar hatsi ba. Tsutsar da ke huda zangarniya ɗiyar wani ƙwaro ce mai tashi da dare. Malam buɗe littafi da rana yake yawo, in ya sauka ya rufe fukafukai ya buɗe, abin da ya ba shi sunansa. Tsutsarsa mai ƙaya-ƙaya ce, yawanci ganyen haki take ci. Shi kansa ruwan fure yake sha, yana kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, kamar yadda zuma ke yi.

Maganin feshi bai san aboki da abokin gaba ba. Wanda ya fesa a kan fure, ya kashe malam buɗe littafi, ya kashe zuma, ya kashe ƙananan ƙwarin da ke cinye tsutsar hatsi. Saboda haka duk wanda ya ga tsutsa a gonarsa, ya ɗauki guda ya kai wa malamin gona ya duba kafin ya sayi magani.

Na biyu, a bar sabara da kurna su tsaya. Adarawa sun san wahalar maido itace inda ya ƙare: shingayen itatuwa na tare iska a kwarin Majiya tun 1975 aka fara dasa su, aikin raya ƙasar Keita kuwa a 1984 ya soma. Lokacin sassabe, a bar wasu tohon sabara su tashi. Suna tare iska, suna riƙe ƙasa, ganyensu magani ne. Kurna kuwa ga ƴaƴa ga inuwa. In an yi haka gona ta ƙaru, shi ma baƙon kaka ya samu inda zai sha kafin ya wuce.