Kayan Doki: Yadda Mahaya a Gombe Ke Auna Saye da Ƙarfin Aljihu

GOMBE: Duk lokacin da Sallah ta gabato, ciniki yakan buɗe wa dukawa da maƙera da masu ɗinkin kayan doki, domin hakimai da masu sarauta da samarin gari suna shirin rufa wa Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar na Uku, baya a wajen hawa. Masarautar, wadda Buba Yero ya kafa a 1804, ta koma mazauninta na yanzu a 1919, kuma tun da garin ya zama hedkwatar jiha a 1996 masu sha'awar hawa suka ƙaru, har da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati.

Kayan doki iri biyu ne: na aiki da na ado. Sabon shiga yakan fara da na ado saboda su ido ke gani, kuma nan ne asara take.

Mai ƙaramin ƙarfi abin da ya wajaba a kansa shi ne sirdi da zubka da majayi da linzami da likkafa. Sirdi shi ne uwa-uba. Idan icensa bai zauna daidai a bayan doki ba, yakan yi masa miki, kuma doki mai miki sai ya yi makonni a turke yana ci ba a hawansa. Don haka ake so a gwada sirdi a kan dokin da zai ɗauke shi kafin a biya. Tsohon sirdi mai lafiyayyen ice ya fi sabo na araha. Majayi kuwa, duk da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ke riƙe da ran mahayi a lokacin jahi, inda ake sakin doki a guje sannan a ja linzami farat ɗaya. Fatar da ta bushe ta tsage ba abin a yi wa rangwame ba ce. Sauran ado ana iya aro ko haya na kwanakin hawan.

Mai matsakaicin hali yakan ƙara da jalala mai aiki da likkafar tagulla da adon kai da na ƙirji. Yawancin masu neman irin waɗannan Kasuwar Kurmi ta Kano suke nufa, ko su saya hannun dillalan da ke saro su daga can. A nan ya kamata a bambance aikin hannu da na keke, domin daga nesa kamanninsu ɗaya, amma na hannu ya fi jure rana da gumi, kuma ba ya faɗuwa sosai idan za a sake sayarwa. Ƙyallen karan-miski da zaren ado daga waje ake shigo da su, saboda haka faɗuwar darajar Naira tun daga watan Yuni na 2023 ta fi shafar wannan rukuni.

Lifidi da sulke da kwalkwali na manyan gidaje ne, kuma galibi gado ne ko oda ta musamman, ba kayan da ake tsinta a rumfa ba.

Sai dai duk wannan saye ne na lokaci ɗaya. Abin da ke cin kuɗi kullum shi ne harawa da dusa da dawa da kanwa da ladan mai kula da barga. A 2025 ƙaramar Sallah ta faɗo a ƙarshen Maris, babba kuma a farkon Yuni, wato cikin bazara, lokacin da harawa ta fi tsada. Wanda ya tara harawar wake tun da kaka, sa'ad da take jibge a gonakin Akko da Kwami, shi ke da rarar da zai sa a jalala.