DASKAREWAR JINI A JIJIYAR ƘAFA DA YADDA AKE MAGANINTA

Jama'a, akwai manyan jijiyoyi a can cikin tsokar ƙafa waɗanda ke mayar da jini zuwa zuciya. Wani lokaci jini yakan daskare a cikinsu ya zama guda, ya toshe hanya. Sai ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, musamman a sharaɓa ko cinya. Babban haɗarin shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu. In haka ta faru numfashi yakan sarƙe, ƙirji ya yi ciwo, har a rasa rai farat ɗaya.

Cutar ta fi kama masu juna biyu da masu jego, da waɗanda aka yi wa aiki, da majinyatan da suka daɗe a kwance, da masu amosanin jini. Haka kuma dogon zama a mota, kamar yadda 'yan kasuwar Gamboru a Maiduguri ke yi in za su Kano, tafiyar kusan kilomita 600.

Wanda ya ga waɗannan alamu ya garzaya babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Likita zai duba jijiyar da irin na'urar da ake duba cikin masu juna biyu.

Maganin farko shi ne mai hana jini daskarewa. Akan fara da allurar hefarin, sa'an nan a koma kan ƙwayar warfarin, wadda aka fara ba mutane tun 1954. Mai shanta dole ne a riƙa auna jininsa a kai a kai. Akwai kuma sababbin ƙwayoyi irin su rivaroxaban, waɗanda ba su bukatar yawan awo. Ba a ba mai juna biyu warfarin, sai allura. Waɗannan magunguna suna hana gudan ƙaruwa, jiki kuma ya narkar da shi sannu a hankali, don haka akan sha su wata 3 ko fiye.

In toshewar ta yi tsanani, likitoci kan zura siririn bututu cikin jijiya su narkar da gudan ko su zaro shi. Wanda maganin zai yi wa illa kuwa, akan sa masa 'yar matata a babbar jijiyar ciki domin ta tare gudan.

A kiyaye: kada a yi wa ƙafar tausa. Kada a je wurin wanzami a yi ƙaho ko tsaga, domin mai shan maganin nan jininsa ba ya saurin tsayawa. Kada a daina magani don kumburi ya saɓe, sai da izinin likita. Matafiya kuwa su riƙa saukowa suna miƙe ƙafa, suna shan ruwa. Rigakafi ya fi magani.