Shiri Na Musamman: Furannin Okid Masu Tsirowa A Ƙasa

Shirin na yau ya duƙufa ne kan okid, wani dangin tsirrai da masana suka ƙiyasta yana da nau'i kusan 28,000 a duniya, wanda masanin Faransa Antoine Laurent de Jussieu ya ware shi a matsayin dangi mai zaman kansa a shekarar 1789.

A kurmin da ke kewaye da Fatakwal, yawancin okid a jikin itatuwa suke maƙalewa ba tare da sun tsotsi ruwan itacen ba, amma a fadamu da kuma tuddai masu ciyawa irin na ƙasar Udi kusa da Inugu, akwai waɗanda saiwarsu ke cikin ƙasa, kuma jinsi biyu ne suka fi yawa a cikinsu, wato Eulophia da Habenaria. Jinsi a nan yana nufin rukunin nau'o'in da suka haɗa asali na kusa, shi ne kuma kalma ta farko a sunan kimiyya mai kalma biyu, tsarin da Carl Linnaeus ya kafa a 1753.

Wanda ya saba gane tsiro ta ganye ko ta saiwa, kamar yadda masu sayar da magungunan gargajiya suke yi, zai iya ɗaukar waɗannan tsirrai a matsayin wata albasar daji, domin ba a ganyen ne alamar take ba, a furen take. Furen okid yana da ganyayyaki shida a zagaye biyu, uku a waje uku a ciki, ɗaya daga na cikin ya sauya siffa ya faɗaɗa har ya zama abin da ake kira leɓe, inda ƙwaro ke sauka. Abin mamaki shi ne leɓen a sama yake farawa, sai furen ya murɗa rabin zagaye yayin da yake girma, leɓen ya koma ƙasa. A tsakiya kuma gaɓar namiji da ta mace sun haɗe sun zama ginshiƙi guda, garin barbarar kuma ba ya warwatse, a dunƙule yake cikin 'yan curi masu danƙo da ke mannewa a jikin ƙwaro, ya kwashe su gaba ɗaya ya kai wani furen. Habenaria tana da doguwar jaka siririya a bayan leɓe wadda ruwan zaƙi ke taruwa a ƙarshenta, saboda haka sai ƙwari masu dogon baki da ke yawo da dare suke iya kaiwa gare shi.

Tarihin nau'i guda ya nuna yadda rabe-raben ke canzawa. A 1865 James Bateman ya sanya wa wani dogon okid na fadama, da aka kai Ingila daga yankin Kalaba, suna Lissochilus horsfallii, amma a 1936 Victor Summerhayes na lambun Kew ya mayar da shi cikin Eulophia, ganin cewa bambancin furannin rukunonin biyu bai kai a raba su jinsi biyu ba.

Irin okid kuwa ƙanana ne kamar ƙura, ba su ɗauke da guzurin abinci, don haka ba sa tsirowa sai sun haɗu da wata funfunar ƙasa da ke ciyar da su. Wannan dogaro da funfuna ne ya sa tonon okid daga daji a kai gida sau da yawa yakan ƙare da mutuwar tsiron, kuma filin da aka share don gini a bakin Anacha ko Inugu ba ya saurin dawo da su.