Suna a Intanet Haya Ne, Ba Saye Ba Ne

Duk wanda ya taɓa kama rumfa a kasuwa ya san doka. Ana biyan kuɗin rumfa a kan lokaci. Wanda ya daina biya, sai a ba wani rumfar. To, haka abin yake a intanet.

Akwai ƙungiyoyin manoma da makarantu da 'yan kasuwa masu shafi a intanet. A nan suke tallar kayansu da ayyukansu. Kowane shafi yana da suna. Sunan ake rubutawa a waya ko kwamfuta kafin shafin ya buɗe. Mutum biyu ba sa riƙe suna ɗaya a lokaci guda.

Kowane suna yana da wutsiya, wato 'yan haruffa bayan ɗigo. Wutsiyar da ta fi yawa a duniya ita ce .com. Kowace ƙasa kuma tana da tata. Ta Nijeriya ita ce .ng, ta Nijar .ne, ta Gana .gh, ta Kamaru .cm. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998, ita ke tsara dokokin .com. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da .ng.

Yadda Ake Rajista

Mai son suna zai nemi kamfanin da aka ba izinin yin rajista. Kamfanin nan kamar dillali ne. Da farko a duba ko wani ya riga ya kama sunan. In babu kowa, sai mai nema ya ba da sunansa da adireshinsa da lambar waya da imel, sannan ya biya. Yawanci kuɗin shekara ɗaya ake biya. A .com ana iya biyan har na shekara 10.

In Wa'adi Ya Cika

Kafin wa'adi ya cika, kamfani zai aika da saƙon tuni ta imel. A .com doka ta ce a tura saƙon sau biyu: saura kamar wata ɗaya, da saura kamar mako ɗaya. In an biya, an sabunta haya ke nan.

In ba a biya ba, shafi zai daina buɗewa. Wasiƙun imel masu ɗauke da sunan su ma za su tsaya. Amma ba nan take ake rasa sunan ba. A .com akwai mataki uku. Na farko, kamfani yana iya ɗaga ƙafa har kwana 45. Na biyu, akwai kwana 30 na fansa, amma kuɗin fansa ya fi na sabuntawa nesa ba kusa ba. Na uku, akwai kwana 5 da ba a karɓar kuɗi ko kaɗan. Daga nan sai a saki sunan, kowa na iya kamawa. Wasu wutsiyoyi suna da nasu lissafin kwanaki.

Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jiran sunayen da aka saki. Su kama, su tsawwala kuɗi ga mai shi na farko. Wani ma yakan yi amfani da sunan ya damfari masu saye.

Mantuwa ba ta bar manya ba. A watan Disamba na 1999 kamfanin Microsoft ya manta bai sabunta sunan passport.com ba. Masu imel na Hotmail suka shiga matsala. Wani bawan Allah ne ya biya masa dala 35.

Abin Lura

Ƙungiya ta tabbata da sunanta aka yi rajista, ba da sunan yaron da ya haɗa mata shafi ba. In ya yi tafiya ko aka ɓata, sunan na hannunsa. A ba da imel da lambar waya da ake dubawa kullum. Magatakarda ya rubuta ranar cikar wa'adi a littafin ƙungiya. Ma'aji ya ware kuɗin tun lokacin kaka. Rigakafi ya fi magani.