Gam Mai Kamawa a Cikin Ruwa: Daga Kawar Teku Zuwa Bagaruwarmu

Duk mai facin taya a tashar motar Television da ke kudancin kogin Kaduna ya san ƙa'ida ɗaya: bayan ya tsoma tub a ruwa ya gano inda iska ke fita, sai ya goge wurin, ya kankare, ya bari ya bushe sarai kafin ya shafa gam. In da ɗigon ruwa, faci ba zai zauna ba. Wannan matsala ce ta daɗe tana ci wa likitocin tiyata tuwo a ƙwarya, domin cikin jikin mutum ba ya bushewa. Hanta, huhu da jakar ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki duk a jiƙe suke, ga laushi, zaren ɗinki na iya yaga su ko ya bar hujin da jini zai riƙa tsiyaya.

Allah ya halicci wata kawar teku mai baƙin ɓawo biyu da ta warware wannan tun fil azal. Tana fitar da wasu siraran zaruruwa ta liƙa su a jikin dutse, igiyar ruwa na dukanta dare da rana amma ba ta saki. A 1981 wasu masana biyu a Amurka, Herbert Waite da Marvin Tanzer, suka gano cewa furotin ɗin da ke bakin zaren cike yake da wani sinadari mai suna DOPA. Aikinsa shi ne ya ture ruwan da ke saman dutse ya kama dutsen kansa. Sannan sinadarin ƙarfe da kawar ke samu daga ruwan teku ya ɗaure ƙwayoyin furotin ɗin da junansu, gam ya daskare a cikin ruwa.

Gano sirrin bai isa ba. Sai an sarrafa kawa kusan 10,000 kafin a tatso giram ɗaya na furotin ɗin, ka ga kuwa ba asibitin da zai iya sayen wannan. Shi ya sa a jami'ar POSTECH ta Koriya ta Kudu, Hyung Joon Cha da abokan aikinsa suka dasa umarnin ƙera furotin ɗin a cikin ƙwayoyin bakteriya, su suke yin aikin a cikin tanki. A 2015 sun nuna gam da ake haska wa fitila ya rufe rauni a jikin ɓera cikin ƙasa da minti ɗaya. A 2021 kuma masanan MIT suka kwaikwayi wata halittar da ke manne wa gindin jiragen ruwa, suka haɗa wani kwaɓi da ya tsayar da jini a jikin dabbobi cikin daƙiƙa 15 zuwa 30. Yawancin waɗannan suna matakin gwaji tukuna.

To, ina ruwan ɗan Kaduna da kawar teku, alhali teku na nesa da mu? A nan ne maganar ta shafe mu. Sinadarin tanin da ke cikin 'ya'yan bagaruwa, wanda majeman Kano da Sakkwato suka shafe ɗaruruwan shekaru suna jeme fata da shi, yana da irin hannayen da DOPA ke kama abu da su. Majemi na daka bagaruwa ya jiƙa fata a ruwanta, tanin ya kama furotin ɗin fatar ya ɗaure shi, fata ta daina ruɓewa. Duk wannan a cikin ruwa ake yinsa. A 2023, a jami'ar Purdue ta Amurka, Gudrun Schmidt da Jonathan Wilker suka haɗa tanin da furotin na masara, suka samu gam da ke kamawa a ƙarƙashin ruwan gishiri. A shekarar dai ɗakin binciken Wilker ya fito da wani gam daga man waken soya da tanin. Masara, waken soya, bagaruwa: Kaduna na sahun gaba a noman biyun farko, ta ukun kuwa a buhu ake sayar da ita a kasuwanninmu.

A ganina babu dalilin da zai sa mu zauna jiran a kawo mana irin wannan gam a kwali. Zariya na da Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT, da cibiyar nazarin fata ta NILEST wadda ta san bagaruwa ciki da bai. Ba sai an fara da ɗakin tiyata ba. Gam ɗin katako, da na toshe tanki ko bututu mai yoyo, kasuwa ce babba da masu aiki a Panteka za su yi maraba da ita.

Kafin nan, ga jan kunne ga masu sana'ar hannu. Akwai masu ɗiga sufa gulu a yanka don tsayar da jini. Gam ɗin fata da likitoci ke amfani da shi daban ne, kuma sai an wanke rauni kafin a shafa. Na kanti yana ƙona nama, yana kulle datti a ciki. Wanda ya yanke sosai, ya danne wurin da tsumma mai tsabta, ya nufi asibiti a duba shi, a yi masa allurar rigakafin sandarau idan da buƙata.